Duwatsun Kano da Ba a Kano Aka Yi Su Ba

Na san da yawa daga cikinku za su ɗauka wani sabon labarin soyayya na kawo, to ku yi mini afuwa, yau babu saurayi babu budurwa. Tarihin duwatsun wuya na ɗauko, irin waɗanda iyayenmu da kakanninmu suka yi ado da su. Amma kafin in shiga zancen, ya kamata in faɗa muku yadda aka yi marubuciyar labaran soyayya ta koma tonon tarihin tsakiya da lantana, domin ruwa ba ya tsami banza.

A 2002 na buga littafina na farko, ina da ɗa ɗaya a lokacin. Daga nan ban tsaya ba, na ɗaya, na biyu, na uku, haka nake sakin su, har na kai matsayin da da kuɗin littafi nake yi wa yara ɗinkin Sallah. Sai a 2019 rijiyar ta ƙafe. Gaskiya ne kasuwa ta sauya, takarda ta yi tsada, masu karatu sun koma waya, har wani mai shago ya dawo mini da kwali biyu na littafina na ƙarshe ya ce sun tare masa wuri. Sai dai ba wannan ne ya karya ni ba. A wani taron marubuta ne wani malami ya miƙe ya ce mu duk abin da muke yi kwafar finafinan Indiya ne, mu sauya suna mu sa wa jarumar atamfa. An sha faɗar haka tun muna yara, amma ranar sai maganar ta shige ni kamar ƙaya. Duk lokacin da na ɗauki biro sai in ji wata murya tana cewa, wannan ma ba naki ba ne. Shekara uku cur ban kammala ko babi ɗaya ba.

A 2022 wata maƙwabciyata da ke haɗa sarƙar duwatsu ta amare, wadda 'yan matan yanzu ke kira bid, ta ga zaman da nake yi ya yi yawa. Ta ce, “Maman yara, ki zo ki riƙa taya ni ko kya rage tunani.” Haka na fara. Ta koya mini shimfiɗa tawul a kan tire don kada duwatsu su gangara, da fara jeri daga dutsen tsakiya a tafi dama da hagu ana ƙirga, da ninka zaren roba irin na masunta, da ƙone bakinsa da ashana bayan an ƙulle. Sarƙar farko da na yi wa kaina a gidan biki ta tsinke, yara suka bi duwatsun suna tsinta ana ta dariya. Ban daddara ba. Cikin wata huɗu na fara sayarwa, kuma na lura idan hannuna na aiki zuciyata tana hutawa.

Gwangwanin kakata

Wata rana ina neman dutse babba da zan sa a tsakiyar wata sarƙa, sai na tuna da wani tsohon gwangwanin alewa da mahaifiyata ta ba ni bayan rasuwar kakata. A ciki akwai wani jeri a baƙin zare wanda ya kusa rubewa. Mafi yawan duwatsun rawaya ne da kore, marasa sheƙi, jikinsu duk ƙananan ramuka kamar an yi musu zanzana. Akwai tsakiya guda biyu, da lantana guda ɗaya doguwa, da wasu guda uku masu zanen furanni. Abin da muka taso muna ji shi ne, mahaifin kakata ne ya zo da rawayan daga aikin Hajji, wanda ya je a ƙasa, ya yi shekara bakwai kafin ya dawo.

Na ɗauke su na nufi Kasuwar Kurmi wurin wani dattijo mai sayar da tsofaffin kayan ado. Ya juya su a tafin hannunsa ya daɗe, sannan ya ce, “'Yata, ina kika samo waɗannan?” Na ce, “Baba, gadon kakata ne.” Ya ce ai rawayan nan su ne masu saye daga ƙasashen waje ke kira duwatsun Kano. Ya taya su da kuɗin da ya fi ribar da na ci a littafina na ƙarshe, ga shi kuma a makon ana bin mu kuɗin makarantar yara biyu. Wallahi saura kaɗan in miƙa. Abin da ya tsayar da ni sunan ne. Na ce a raina, ashe Kano ta taɓa yin gilashi har duniya ta san ta da shi? Na ce masa zan yi shawara da maigida.

Da na dawo gida na sa babban ɗana, wanda ke jami'a, ya binciko mini a intanet. Ya tara mini rubuce-rubuce, na zauna da ɗan Turancina na sakandare da ƙamus ina bi a hankali. Ga abin da na tsinta.

Tun yaushe ake huda dutse?

Ado da abin wuya ya girmi rubutu nesa ba kusa ba. A 2021 masu tonon kayan tarihi suka ba da sanarwar wasu ƙananan bawon dodon-koɗin teku guda 33 da aka huda, waɗanda aka samu a kogon Bizmoune da ke Maroko, suka ƙiyasta shekarunsu da aƙalla 142,000. A nan gida kuma, mutum-mutumin yumɓu na Nok da ke kudancin Jihar Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000, za ka ga an siffanta su da jeri-jerin duwatsu a wuya da hannu da ƙugu.

A Igbo-Ukwu ta Jihar Anambra, wani Bature mai suna Thurstan Shaw ya yi tono a 1959 zuwa 1960, ya sake komawa a 1964, ya fito da duwatsun ado kimanin 165,000 na gilashi da na aƙiƙ, waɗanda aka danganta da ƙarni na 9 zuwa na 10. Mu ma ƙasar Hausa muna da namu. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, an tone wasu tuddan kaburburan manya a 1907, aka sake yin tono a 1992. An samu gawarwaki da aka binne tsakanin ƙarni na 13 da na 16 tare da duwatsun aƙiƙ da na gilashi, da wuri, da awarwaron hauren giwa, da kayan zinariya, har da tasa da aka yo ta daga ƙasashen Larabawa. Wato tun kafin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, kayan nesa suna shigowa ƙasar Hausa.

An daɗe ana ɗauka duk gilashin da aka gani a Afirka ta Yamma daga waje aka kawo shi. Sai a 2017 wani masani ɗan Nijeriya, Abidemi Babatunde Babalola, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon tonon da suka yi a Igbo Olokun da ke Ile-Ife. Sun samu duwatsu kusan 13,000 da fasassun tukwanen narkarwa, kuma binciken sinadarin gilashin ya nuna ya sha bamban da na sauran duniya. A can ake haɗa shi tun daga ƙarni na 11 zuwa na 15, kuma an tsinci irinsa har a Gao ta ƙasar Mali. Haka nan Bida ta ƙasar Nupe, inda 'yan unguwar Masaga, waɗanda ke cewa kakanninsu daga Misira suka zo, suke narka rairayi da kanwa su yi baƙin gilashin da suke kira bikini. Daga baya suka koma narka kwalabe. Leo Frobenius ya gan su a 1911, S. F. Nadel ma ya yi bayaninsu a littafinsa na 1942 kan ƙasar Nupe. Ƙarau ɗin da iyayenmu suka sa a hannu aikinsu ne. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'o'in hannu.

Kun ga ke nan Ife ta yi gilashi, Bida ta yi. Na yi ta buɗe shafuka ina jiran in ga sunan Kano a sahunsu.

Daga Al-Khalil zuwa Kurmi

Da na iso kan rawayan duwatsun kakata sai jikina ya yi sanyi. Ba a Kano aka yi su ba. A Falasɗinu aka yi su, a garin Al-Khalil, inda kabarin Annabi Ibrahim Alaihis Salam yake, garin da Turawa ke kira Hebron, wanda ya shahara da aikin gilashi tun ɗaruruwan shekaru. Daga can ake kai su Misira, daga Asyut kuma ayarin raƙuma su bi Darbul Arba'in, hanyar kwana arba'in cikin hamada, su sauke su a Darfur. Wani matafiyi Bature, W. G. Browne, wanda ya zauna a Darfur ya kuma fitar da littafin tafiyarsa a 1799, ya ambace su. Mutanen Sudan suna kiran manyan mongur, ƙananan kuma harish, kuma akwai zamanin da matan can ke alfahari da su a ƙugu.

Yayi kuwa ba ya tabbata. Zuwa shekarun 1930 matan Darfur sun daina ɗaukarsu a bakin komai. A. J. Arkell, wani Baturen mulki da ya yi aiki a can, ya rubuta a 1937 cewa matan suna sayar da su ga fatake Hausawa da araha ƙwarai. To me ya kai Bahaushe Darfur? Hanyar Makka mana. Kafin jirgin sama, alhazanmu ta Borno da Chadi da Fashir suke bi, suna tafe suna noma da fatauci, wasu su yi shekaru, wasu su zauna can gaba ɗaya, shi ya sa har yau akwai Hausawa da yawa a Sudan. Da na karanta wannan sai na ga mahaifin kakata a idona, yana tsugune a wata kasuwa a kan hanyar dawowa, yana cinikin tsarabar da zai kai wa 'yarsa.

Abin da Hausawa suka yi wa duwatsun shi ne ya ba su sabon suna. Yadda suke fitowa daga wuta bakinsu a kumbure yake, ba sa zama daidai a zare. Sai aka riƙa goge bakin kowanne a kan dutse har ya miƙe, ta yadda idan an jera su za su haɗe da juna babu giɓi. Daga Kano suka bazu cikin Afirka ta Yamma, sunan Al-Khalil ya ɓace a hanya, na Kano ya bi su. Na ɗauko ɗaya na shafa bakinsa da yatsa, na ji shi sumul, alhali jikinsa kaushi ne. Wannan sumul ɗin aikin hannun wani Bahaushe ne.

Sauran 'yan cikin jerin

Tsakiya, wato jan dutsen da Larabawa ke kira aƙiƙ, mafi shaharar inda ake sassaƙa ta shi ne Kambay, wanda yanzu ake kira Khambhat, a Gujarat ta ƙasar Indiya. Ta biyo jiragen ruwa zuwa Jidda da Misira, daga nan alhazai da fatake suka yo yamma da ita. A ƙarni na 19 masu sassaƙa na garin Idar-Oberstein a Jamus suka shigo kasuwar, suna sayo dutsen daga Burazil suna yin irin siffofin da mutanen Afirka ke so. Ku duba fa, tun kafin a haifi mai yin fim ɗin Indiya na farko, kayan Indiya yana wuyan kakanninmu.

Lantana kuwa tata tafiyar daga arewa zuwa kudu ce. Fatake Hausawa ne ke ɗauko ɗanyen dutsen daga yankin da ke saman Kogin Kwara, a ƙasashen da daga baya suka koma hannun Faransa, su kai wa masu sana'ar a tsohuwar Oyo. Bayan rushewar Oyo a shekarun 1830 sana'ar ta koma Ilorin. Da ɗan siririn ƙarfe ake huda ta, ana ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan, sannan a goge ta a kan dutse har ta yi sheƙi. Darajarta ce ta sa Bahaushe ya mayar da ita sunan 'ya mace, kamar yadda ya yi da Murjanatu daga murjani, wanda Allah Ya ambata tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman.

Masu zanen furannin kuma daga Benis ta ƙasar Italiya suke. A 1291 hukumomin birnin suka kwashe masu aikin gilashi zuwa tsibirin Murano saboda tsoron gobara, kuma daga nan suka cika duniya da duwatsun ado. Da Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya lissafa duwatsun Benis cikin kayan da ke ƙetaro Sahara, tare da takarda da allura da ruwan takobi. Abin da ya taɓa zuciyata shi ne, masu jera ƙananan duwatsun a zare a Benis mata ne talakawa, suna zaune a ƙofar gida da akushin katako a cinya da tarin dogayen allurai a hannu, ana biyansu gwargwadon abin da suka jera. Ashe ni da tirena muna da 'yan uwa a can. Daga baya masana'antun Bohemiya, a ƙasar Cek ta yanzu, suka riƙa kwaikwayon duk dutsen da suka ga yana da kasuwa a Afirka, su yi shi da gilashi mai araha.

Akwai ɓangaren da ba shi da daɗin ji, amma ɓoye shi ha'inci ne. Irin waɗannan duwatsu suna cikin kayan da Turawa suka yi musayarsu da bayi a bakin teku, tare da yadi da bindiga da barasa. Mu ma a nan ba mu kuɓuta ba, domin Barth ya ga ana sayar da bayi a kasuwar Kano da ake sayar da duwatsun. Tun da na san haka, idan na riƙe masu furannin nan sai in yi wa waɗanda aka raba da iyayensu addu'a.

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970 sai kaya suka juya. Samarin Amurka da Turai suka shiga yayin tsofaffin duwatsun Afirka, 'yan kasuwa, da yawansu Hausawa, suka riƙa bin ƙauyuka suna saye daga hannun tsofaffi ana fita da su. Har yau idan ka je kasuwar duwatsu ta ranar Alhamis a Koforidua ta ƙasar Gana, za ka tarar da tsofaffin duwatsu a gefen sababbin da mutanen Krobo ke yi. Su daka kwalba suke yi ta zama gari, su zuba a mazubin yumɓu, su soka karan ganyen rogo a tsakiya, idan wuta ta cinye karan sai ya bar huda. Haka dukiyar akwatunan kakanninmu ta ƙare a ƙasashen waje, mu kuma muka koma sayen na roba da na gilashi da ake shigo da su daga Sin da Indiya, irin waɗanda ni ma da su nake sana'a yau.

Abin da na yanke

Ban sayar ba. Kuɗin makaranta da cinikin sarƙoƙin wani biki da ɗan rancen da na karɓa wurin yayata aka biya. Na koma Kurmi na gaya wa dattijon, ya yi murmushi ya ce, “Kin kyauta 'yata, da ni ne ma ba zan sayar ba.” Na sake jera duwatsun a sabon zare mai ƙarfi, yadda na same su, ban ƙara ko ɗaya ba.

Maganar malamin nan kuma na sake auna ta. Yana da gaskiya ta wani gefen. Akwai cikinmu masu ɗauko fim sukutum su juye, ni ma akwai littafina guda da idan na tuna shi nake jin kunya. Wannan kamar ka saro kaya ne ka kankare sunan mai shi. Amma aro daban, sata daban. Gilashin Al-Khalil ne, hanyar ta alhazai ce, gugar ta Kano ce, kuma sai da aka goge shi ya zauna a wuyan Bahaushiya. Tambayar da nake yi wa kaina yanzu idan na ɗauki biro ita ce, shin na goge wannan labari har ya zauna daidai da gidajenmu, da kishi irin namu, da kunya irin tamu, da talauci irin namu? Idan na yi, to na yi aikina. Idan ban yi ba, sai in koma kan dutse.

A farkon 2023 na sayi sabon littafin rubutu mai shafi 80, na fara labarin wani mutum da ya bar matarsa da ciki ya tafi Makka a ƙasa, ya dawo bayan shekara bakwai da jerin rawayan duwatsu a aljihu, ya tarar da 'yar da ba ta san shi ba. Ina rubutu da safe, in jera duwatsu da yamma.

Roƙona gare ku, musamman mata 'yan uwana, duk wadda ke da tsohuwa a gida ta je ta zauna kusa da ita, ta ce, “Inna, buɗe mini gwangwanin nan.” Ki tambaye ta wa ya kawo, daga ina, a wane biki aka fara sa shi, ki rubuta a takarda ki ajiye tare da duwatsun. Ni ban yi wa kakata wannan tambaya ba tana da rai, sai a bakin Turawa na je ina tsintar labarin gidanmu. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa albarka a sana'o'inmu, mu kuma Ya sa mu cika da imani. Wassalam.